Tukunyar da Doña Herlinda Ta Aro

Shekara talatin da ɗaya ke nan, kullum kafin ƙarfe bakwai Doña (wato Uwargida) Herlinda Manuyama ta iso ɗakin binciken zazzaɓin cizon sauro a nan birnin Iquitos, ta hau niƙa ɓawo da tace ruwan ganye. Abin da ta tace shi likitoci ke ɗigawa kan ƙwayoyin cutar, amma sunanta ko a gindin takarda ba ka gani. Jumma'ar nan za ta ajiye aiki, mu kuwa ba za mu bari ta sulale shiru ba.

Ku tambayi Dokta Arévalo labarin ganyen Doña Zoila, tsohuwar nan ta bakin kogin Nanay da ta ce da shi ta raini jikoki tara. Aka busar da shi, aka jiƙa a barasa yadda littafi ya ce, aka gwada sau uku. Ƙwayoyin ko gezau. Dokta ya ɗauki biro zai soke shi, wato tsohuwa ta zama maƙaryaciya ke nan.

"Dokta, tsaya tukuna," in ji Herlinda. "Ka taɓa ganin kakarka ta tsaya shanya ganye yaro na karkarwa a ɗaki?"

"Doña, nan fa ba kicin ba ne."

"Na gani ai. Shekara uku ba ku dafa komai ba."

Ya yi dariyar yaƙe, ya ba ta mako guda. Ta shiga kwalekwale, awa shida a kan ruwa, ta je ta durƙusa gaban murhun tsohuwa ta zuba ido. Ashe toho kaɗai take tsinka, ɗanye shar, ta tafasa a tukunyar ƙasa har ruwan ya koma rabi. Herlinda ta naɗo tohon a ganyen ayaba, ta aro tukunyar, ta hura wuta a bayan ɗakin bincike, ta dafa, aka ɗiga ruwan kan ƙwayoyin.

Bayan kwana biyu Dokta ya daɗe sunkuye kan madubin gwaji. "Doña, zo ki duba, ko idona ne." Ba idonsa ba ne! Ƙwayoyin sun mace birjik. Aka maimaita, haka. Ranar har mai gadi sai da ya taka rawa. Bai zama magani ba tukuna, da sauran tafiya, amma daɗin da muka ji ba ya faɗuwa.

Da Herlinda ta mayar da tukunya ta kai albishir, tsohuwa ko ɗago kai ba ta yi ba. "Sai yanzu suka sani, 'yar nan?"

Ke ce mai hannun zinariya, Herlinda. Ke ce kika hana biro cin mutuncin furfura. Mun gode, Allah ya ba ki hutu da lafiya. Ku kuma masu farar riga, kafin ku ƙaryata tsohuwa, ku je ku zauna gaban murhunta.