Ƙullin Hajiyar Agadas

Hajjin shekarar ya faɗo cikin tsananin zafi, ruwan randa ma da ɗumi yake kwana, kowa a Misfala, unguwarmu a Makka, fuska a ɗaure. Muna saukar da alhazai a ɗakinmu na ƙasa, da shi muke ci. Gidan da aka ce ana taɓa kayan baƙi kuwa, ba mai sake sauka a cikinsa.

Da za a fita Arfa, wata hajiya daga Agadas ta ba ni ajiyar wani ƙulli. Tsofaffin kuɗin azurfa ne, sirara kamar farce, kowanne da kan mutum a jiki. Ta ce gadon kakarta ne, ayari ya kawo su daga Tarabulus. Ina jego, ban fita ba. Ban yarda da akwati ba, sai na ɗaure ƙullin a ƙuguna, dare da rana.

Da ta dawo ta kwance ƙullin, wasu kuɗin sun yi kore.

"'Yar nan, azurfata ba ta tsatsa," in ji ta.

"Hajiya, wallahi ko buɗewa ban yi ba."

"Na ce kin buɗe?"

Ta dubi ƙofa, inda abokan tafiyarta ke kasa kunne.

Na kai ta kasuwar Mansur, wajen wani tsohon maƙerin azurfa, mutumin Yaman. Ya kankare ɗaya, ja ya leƙo.

"Tagulla ce. Irinsu na gaske kuɗin Rumawa ne, tun kafin zuwan Musulunci. Waɗannan kuwa wani macucin wancan zamani ne ya kwaikwaya, ya shafa musu azurfa. Gumi ne ya tona shi."

Na sauke ajiyar zuciya. Ita ba ta sauke ba.

"Macucin da ya mutu yana da daɗin ɗora wa laifi," ta ce muna hanya. "Kuma ke kika zaɓi maƙerin."

Ni ma wani abu ya fara ci mini rai: anya ba ta san halin kuɗin ba tun farko? Me ya sa ba ta zube su gabana ba sa'ad da ta ba ni? Da yamma na kai musu shayi, hira ta tsaya cak. Ɗaya ta jawo jakarta kusa da cinya.

Washegari bayan asuba na goya jaririna, na yafa mayafi, na tsaya bakin ɗakinsu na yi sallama.

"Hajiya, tashi mu koma kasuwa. Yau ke za ki nuna maƙeri. Ku ma duk ku taso, a yi a gabanku."