Ramin Gadona a Lissafi

Ina da wani gadon igiya da na saya a kasuwar Matameye tun gashina na baƙi. Da tafiya ta yi nisa igiyar ta saki, tsakiyarsa ta lotsa daidai jikina, har in na kwanta ƙasa nake gogawa. Uwargidana ta daɗe tana cewa itacen girki ne kawai. Rannan ta aro gatari.

Ina zaune ina neman dabara sai ga jikata daga lakwal, wato makarantar boko, fuska a murtuke. Malamin lissafinsu ya ce kowa ya nemo wani abu mai lanƙwasa kamar ƙwarya, wai parabol, ya zana shi, ya fitar da lissafinsa. Ni da ban wuce aji biyu ba, nan take na zama masani.

Na ce wa uwargida, "Ajiye gatarin nan. Gadon yanzu kayan karatu ne."

Jikar ta ce, "Kwanta, angona, kada ka motsa."

Ta ɗaure zare a gadon daga wajen kai zuwa wajen ƙafa, ta ce layin iks ke nan. Inda gadon ya taɓa zaren, gefe da gefe, ta sa alama. Sannan ta shiga ƙarƙashi da sanda tana zungurina, tana neman inda lanƙwasar ta fi zurfi.

"Tsoho, ai kai ne ƙasan parabol ɗin. Daina numfashi, kana ɓata mini awo."

Da zurfin nan ta samo wata lamba da ta kira da harafin "a". Na tambaya ko ta yabo ce. Ta ce ita ke nuna yadda na lotsa gadon. Ta yi ta buɗe baka-baka a takarda, tana ninkawa, har lissafin ya miƙe layi guda da Faransancinsu: igrek daidai da a iks kare, wai iks sau iks, da be iks, da se.

Daɗi ya kama ni, na ce ta karanta wa kakarta da ƙarfi. Ta karanta, ta kuma ƙara da abin da ban roƙa ba: wai duk mai wannan layin zai iya sake zana ramin gadon, ko a garin Kance yake, ba sai ya ga gadon ba.

Uwargida ta ce, "Ba sai ya ga gadon ba?"

"Ko kaɗan, Kaka."

"To, Malam, tashi. An adana maka shi."

Da ƙafafun gadon aka dafa tuwon ranar. Na ci, don yunwa ba ruwanta da fushi, amma ban ce ya yi daɗi ba. A tabarma nake kwana yanzu.