Ranar Da Na Ɗaga Wa Karena Gora

Lokacin da abin nan ya faru ina ɗan shekara talatin da 'yan kai. Mahaifinmu bai daɗe da rasuwa ba, gona da 'yan shanun gidanmu a wani ƙauye kusa da Dogon Daji suka dawo wuyana. Mutum ne ni mai son a ce da ni dattijo tun gemu bai cika ba, kuma ba abin da nake gudu kamar a yi mini dariya. Ina da wani jan kare mai farin wuya, wanda wani abokina makiyayi daga wajen Kebbe ya ba ni yana kwikwiyo. Wallahi karen nan ya fi wasu mutane sanin aiki. Da safe shi ke gaba idan za mu kai shanu fadama, saniya ta kuskura ta leƙa gonar wani, kafin in buɗe baki ya juyo da ita. Mahaifiyata, Inna, ita ce ba sa shiri da shi. Da ya sako kai tsakar gida sai ta zaro muciya, tana faɗin ba za a kawo mata najasa kusa da tukunya ba.

Wata damina kaska ta yi masa yawa, ya daina ci, ya rame, dasashinsa ya yi fari fat. Na sa shi cikin kwando, na ɗaure a bayan babur, na nufi wurin likitan dabbobi a Tambuwal. Tun daga tasha 'yan kabu-kabu suka sa ni gaba, wani na tambaya ko ango na ɗauko, wani na cewa in bi a hankali kar Alhaji ya faɗi. Kunya ta rufe ni. Likita ya yi masa allura, ya ba ni ƙwayoyi, yana ta bayani, ni kuwa idona na kan hanya kar wani ɗan garinmu ya gan ni. To, to kawai nake cewa. Sai daga baya na san abin da ya faɗa: rabin ƙwaya za a ba shi, sai bayan ya ci abinci, kuma ko ya yi amai ko miyau ya zuba kada in tsorata, in dawo in faɗa masa.

Da na koma gida sai na yi masa yadda muke yi wa rago. Na buɗe bakinsa, na danna ƙwaya guda sukutum har maƙogwaro, safe da yamma, cikinsa kuwa wayam. Rana ta uku ya fara sheƙa amai, miyau na dalala, idan ya miƙe sai ya yi tangaɗi ya zube. Wata maƙwabciya ta hango shi ta kan danga, kafin azahar magana ta zaga gari cewa karena ya haukace. Mai unguwa ya aiko a ce mini akwai yara a unguwa, in gama da shi kafin la'asar ko a zo a gama mini. Ban ga laifinsa ba, don kowa ya san abin da cizon mahaukacin kare ke yi. Laifin da nake gani nawa ne. A raina na san tun da na fara ba shi maganin nan ya koma haka, amma faɗin hakan na nufin in amsa a gaban mutane cewa ni ne na goya kare a babur zuwa asibiti. Sai na ɗauki gora, mutane na biye da ni har gindin darbejiyar da yake kwance. Da ya gan ni, sai ya kaɗa wutsiya. Na ɗaga gorar duk da haka, yana kallona.

Inna ce ta ratso mutane da nono tsala a cikin sakaina. Ta daka mini tsawa da sunan da ba ta kira na da shi tun ina yaro, ta ce in sauke hannuna, ita a tsawon rayuwarta ba ta taɓa ganin mahaukacin kare yana yi wa mutum maraba ba. Ta ajiye sakainar, ta ja baya. Karen ya ja ciki, ya lashe tas. Ta juya ta ce wa mutane maganin Tambuwal ne ya bugar da shi, ɗanta ne bai iya saurare ba, a ba ta kwana fuɗu za ta tsare shi a ɗaure, idan ya ciji ko kaza ita za ta miƙa gorar. Kowa ya watse. Kashegari na koma wurin likita, ya wanke ni tas, ya kuma ce shan nono ba hujja ba ce, a ci gaba da ɗaure shi ana lura.

Kwanakin da suka biyo baya su nake kewa har gobe. Inna ta ware masa sakainarsa da ludayinsa can nesa da madafi. Takan cusa rabin ƙwaya cikin lomar tuwon dawa, ta jefa masa, tana mita tana ce masa ɗan banza mai wahalar da tsofaffi, sannan ta je ta dirje hannunta da ƙasa da ruwa. Idan ya yi amai ta rufe da toka, ta ce in kwashe. Ni aikina cire kaska da canza masa inuwa. Da kaka ta yi, ya koma gaban shanu.

Yanzu Inna ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta, karen ma babu shi. Ina kira ga masu dabbobi, idan likita na bayani ku tsaya ku ji, ku sake tambaya, don maganin kare ba na rago ba ne, kuma ba duk miyau ne hauka ba. Kada tsoron dariyar mutane ya sa ku cuci abin da ya amince da ku. Nawa ya ƙara shekara uku yana tsare mini shanu, ina kira yana zuwa, amma har ya mutu bai sake cin komai daga hannuna ba.