Kawu Bihi da Masu Sanƙo

Kawu Bihi, yayan mahaifiyata, masunci ne tun yana saurayi, amma a ƙauyenmu na bakin kogin Massa ba da kifi aka san shi ba. Da jaki da jarka biyu aka san shi. Kowace safiya yakan ɗebo ruwan rijiya, ya bi gefen kogi har inda ya haɗu da teku, ya hau tudu, ya zuba a wani kwarmin dutse da ya fafe da hannunsa. Ruwan na masu sanƙo ne, baƙaƙen tsuntsayen nan masu jan kai da lanƙwasasshen baki, da ke sheƙa a jikin dutsen da ke kallon teku. Ya ce in uwa ta yi nisa neman ruwa, hankaka kan shiga sheƙar.

Ina karatu a Beljiyam yanar ido ta rufe masa gani. Bai daina ba, tunda jakin ya san hanya. Sai dai tsuntsayen ba sa sauka sai mutum ya ja da baya, kuma ba masu yawan kuka ba ne balle ya ji su. Saboda haka matarsa, Inna Ijja, ta zama idonsa. Da la'asar in ta dawo ɗiban itace sai ta ce, "Sun zo. Har wanka suka yi." Da wannan maganar yake iya cin abincin dare.

Da na dawo gida na yi ta lallashinsa har ya yarda aka yi masa aiki a Agadir. Ranar da likita ya ba shi izinin shiga rana, ko shayinsa bai ƙarasa ba ya ɗaura jarkoki. Ya ce Inna ta hau jakin.

"Ni da kwaɓin burodi a kwano? Ku je ku dawo."

"Hau, tsohuwa. Burodin ba gudu zai yi ba."

Hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, amma tafiyar ta ƙi sauri. Zalɓe na tsaye a ruwa kamar an dasa shi. Uwar aladen daji ta ratsa kyauro da 'ya'yanta masu zane a baya. Can inda kogin ya buɗe, wasu dogayen tsuntsayen ruwa masu launin ja-ja suka tashi gaba ɗaya, ƙasan fikafikansu kamar garwashi. Kawu ya dafa kafaɗata.

"'Yata, da ma haka suke, ko likitan ne ya ƙara musu launi?"

Ya juya ya ƙura wa Inna ido. "Ke kuma yaushe kika tsufa haka ba ki gaya mini ba?"

"Ka nemi madubi tukuna, angon ƙarni," in ji ta. Amma ba ta yi dariya ba. Tun daga nan ta fara kawo dalilai: rana ta yi, iskar teku za ta ɓata aikin idon, gara gobe.

A kan tudun muka tarar da kwarmin a bushe. Kawu ya cika shi, muka ja baya muka zauna a bayan wata kunyar duwatsu. Teku na dukan dutse a ƙarƙashinmu. Sama wayam.

"Malam," Inna ta ce a hankali, "tun shekarar da gwiwata ta kumbura ban sake hawa tudun nan ba."

Kawu ya juyo gare ta. "To wa ya ce miki suna zuwa?"

"Babu. Kai ne kake zama a bakin ƙofa da kunne a buɗe. Me zan ce maka?"

"Amma kullum a bushe nake samunsa."

"Rana ma tana sha. Dila ma yana sha."

Kawu ya mayar da idonsa kan kwarmin. Shekarun nan duka, ƙila dila yake yi wa bauta. Na zuba ido a ƙasa.

Inuwarsu na fara gani, tana gudu a kan yashi. Suka taso daga ƙasan dutsen a jere, babu kuka, sai ƙarar iska a fikafikai. Suka kewaya mu sau ɗaya, suka sauka kai tsaye a bakin kwarmin kamar masu shiga gidansu. Da rana ta same su sai na ga ashe ba baƙaƙe ba ne: kore da shunayya da ruwan tagulla ke yawo a jikinsu. A cikinsu akwai ƙanana masu toka-tokan kai, waɗanda sanƙon bai kama ba tukuna. Wani babba ya tsoma ƙirji ya karkaɗe, ruwa ya fantsama.

Kawu ya cire baƙin tabarau ɗin da likita ya hana shi cirewa. Leɓensa na motsi da tasbihi, hawaye na bin gemunsa. Inna ta leƙa ta saman duwatsun, ta daɗe tana kallo baki buɗe, sannan ta gyara mayafinta.

"Ka gani?" ta ce. "Har da wankan."