Hatimin da Ba a Buga Mani Ba

A soja aikina ɗaukar rediyo ne, irin wadda ake magana a ciki a amsa maka. Da na dawo Gaya, wani annasara mai gyaran injin jirgin fito ya ɗauke ni aiki, kuma da zai koma ƙasarsu ya bar mani tsofaffin rediyo biyu, tare da takardar izini da kumandan, annasaran da ke mulkin garin, ya sa wa hannu. Ɗaya na ajiye a zaurena, ɗayar na kai wa yayana, masunci, a tungarsu da ke wancan ƙetaren kogi. Innarmu tana wurinsa.

Kullum bayan azahar muke magana. Ya faɗa mani inda ruwa ya kai, ko dorina ta shiga fadamar shinkafa, ko Inna ta ci abinci. Ranar kasuwa mutanen Yelu da Karakara kan cika zauren, kowa da saƙon da yake so a ƙetarar masa, wani da Dandanci, wani da Hausa. Ban taɓa hana kowa ba.

A shekarun da jam'iyyu suka fara zafi, sai aka liƙa sabuwar doka a ƙofar biro, wato ofishin kumandan. Tsofaffin takardu sun mutu, duk mai rediyon aika magana sai ya nemi sabon izini. Hankalina bai tashi ba, don tafintan biro abokina ne, tare muka yi soja, kwano ɗaya muka ci shekara huɗu. Shi da kansa ya zo gidana. Matata ta dama masa fura, ya sha, ya tambayi lafiyar Inna.

Ya ce, "Sarjan, kawo su duka biyun a rubuta lambarsu. Kwana uku ka zo ka ɗauki kayanka, ni zan sa a buga maka hatimi."

Na shiga kwalekwale na ƙetara. Yayana bai so ba, ya ce abin da ya shiga biro ba ya fitowa da sauƙi. Na yi masa dariya, na ce ai muna da mutum a ciki. Na naɗe rediyon a tabarma don kada ruwa ya taɓa ta.

Kwana uku suka zama wata biyu. In na je, a ce takarda tana Dosso, ko a ce kumandan ya fita rangadi. Abokin nawa ya daina fitowa baranda, sai dai ya aiko gardi mai tsaron ƙofa ya ce in dawo jibi.

Ranar da aka kira ni ciki, mataimakin kumandan ne a zaune, abokina a tsaye gefensa yana fassara, ko da yake ya san ina jin Faransanci. Aka karanta cewa ina ƙetarar da saƙon ƴan jam'iyya, har da na mutanen ƙasar maƙwabta da ke hannun Ingilishi. An jera ranaku, an jera waɗanda suka zauna a zaurena, har da wata magana da na yi kan aikin hanya, wadda ban faɗa a gaban kowa ba sai abokin nawa. Da annasaran ya juya takardar na ga rubutun. Na san shi, don shi yake rubuta mani wasiƙun gida lokacin da muke bariki.

Aka ce an riƙe rediyon duka biyu, kuma in gode da ba a kulle ni ba. Abokin nawa ne ya maimaita mani hakan da Hausa, idonsa a kan tebur.

Na tare shi ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Ban ɗaga murya ba, na dai tambaye shi me na yi masa.

Ya ce, "Ba ka yi mani kome ba. Sun ce in kawo suna. In ban rubuta ba wani zai rubuta, ni kuma su kore ni."

Na ce, "To da ka faɗa mani. Da na jefa su a kogi da hannuna, da ban je na karɓo ta yayana ba."

Ya gyara hularsa, ya wuce.

Daminar wannan shekarar ruwa ya cika sosai, fito ya yi wuya. Inna ta kwanta kwana biyu ban sani ba. Da mai kwalekwale ya iso da labari na ƙetara, na tarar an dawo daga maƙabarta. Yayana bai ce mani kome ba game da rediyo, ranar ko bayanta, kuma shirun nan ya fi mani zafi.

Bayan annasara sun tafi abokin nawa ya samu babban muƙami a Yamai. In ya zo gida yakan tsayar da mota ya gaishe ni, ni kuma in amsa, don ba a ƙin amsa sallama. Sau ɗaya ya ce in kawo ɗana ya samo masa aiki. Na ce masa yaron ya riga ya fara noma.