Fiston Takwas Ga Mota Mai Cin Huɗu

Filinge, Talata, ƙarfe biyar da rabi na asuba

Ana sallame sallah na saɓa jaka na nufi tasha, sanye da shuɗiyar shaddata, a aljihu kuma da takarda wadda na rubuta lambar injin motar Baba da jan biro, irin wanda na shekara talatin ina gyara kuskuren 'ya'yan mutane da shi a lakwal, wato makarantar boko. Motar tsohuwar kat-san-kat ce mai buɗaɗɗen baya. Da ita Baba ya yi jigilar hatsi da fasinja tsakanin Filinge, Bankuku da Baleyara, da ita ya ciyar da mu. Shekara shida ke nan tana kwance gindin dogon yaro, kaji na ƙwai a kujerar direba. Yanzu idanun Baba sun tafi, ƙafafu sun yi nauyi, kuma tun bayan girbi abu ɗaya yake roƙona: ya ji muryar motarsa kafin a kira shi.

Gado makanike ya kwance injin, ya ce zai tashi in na samo masa fiston huɗu sababbi a Yamai, wato ƙarafan nan masu kama da gwangwani da ke hawa da sauka a cikin inji, tare da zobbansu da bututun da suke kai-komo a ciki. A ƙa'idar masu gyara ba a sayen kayan mota da baki. Tsohon ake ɗauka a kai wa mai shago, a aza shi kusa da sabon. Gado ya miƙo mini tsohon fiston, baƙi ƙirin, yana ɗigar mai. Na dubi fiston, na dubi hannuna, na ce masa ni mai karatu ne, lamba ta ishe ni. Ya ce, "To, Mushe," yadda ake kiran malamin lakwal a wajenmu, ya ci gaba da goge hannunsa.

Bankuku zuwa Baleyara

Bas ɗin da aka rantse mini zai tashi ƙarfe shida ya tashi bakwai saura minti goma, da mu goma sha tara da rago guda a bisa. Kilomita arba'in da 'yan kai muka yi zuwa Bankuku, inda direba ya tsaya aka ɗura wa bas ɗin esansi, wato fetur, kwalba shida a bakin hanya, ta cikin mazurari da tsumma. Na gani da idona, ban ɗauki darasin komai ba.

Kafin Baleyara, wajen ƙarfe tara, jandarmomi suka sauke mu duba kaya. Wanda ya buɗe jakata ya zura hannu ƙasa, ya zaro wani ƙunshi mai nauyi naɗe cikin yankin tsohon rawanin Baba, kwance lafiya lau a tsakiyar farar rigata ta canji. Ya warware, sai ga tsohon fiston. Mai ya riga ya zana taswira a gaban rigar. Ya tambaye ni mene ne wannan, kafin in haɗa jimla direba ya leƙo ya ce, "Fiston kat-san-kat na, mai kwarmi bisa kai. Wanga bawan Allah ya san aiki, da samfur ya taho." Fasinjoji suka dube ni da girmamawa, ni kuwa na karɓi girmamawar ba tare da musu ba. Da na kira gida, matata Hadiza ta ce Baba ne ya aika Gado ya kawo, ya sa ta cusa mini tun jiya.

A Baleyara na ci kopto na dala ashirin, kwaɗon zogale irin na Zabarmawa, ina ci ina huce haushin rigata.

Yamai, sha biyu saura kwata

Ban ko ajiye jaka ba na wuce kasuwar kayan mota. Na wuce rumfunan kwano da dama, don na ga masu su sun yi kama da Gado, na shiga wani shago mai gilashi da fanka. Mai shagon ya kira ni Direkta tun ban buɗe baki ba, kuma nan take na gane mutum ne mai hankali. Ya karanta takardata, ya yaba rubutun, ya fito da kwali mai zane. A ciki fiston huɗu ne masu ƙyalli, kan kowanne da tudu. Ya ce na tsere ne, sun fi matsa wuta, da su tsohuwar za ta wuce motocin bana a kan kwalta. Na hango kaina ina shiga Filinge da gudu, Gado na tsaye baki buɗe. Tsohon fiston na nan a jaka, amma kunya ta hana ni fito da wannan ƙazanta a kan teburin gilashi. Na biya, na ƙara da godiya.

Na sauka gidan ƙanwata Rabi. Ta kawo shinkafa da miyar gyaɗa, na baje mata hajata ina bayani da Faransanci. Ta saurara har na gama, sannan ta tambaye ni, "Yaya, Baba da ke yin kwatan awa kafin ya kai masallacin ƙofar gida, da wa zai yi tsere?" Na ce mata mata ba su san mota ba. Shinkafar dai ba ta ƙara yi mini daɗi ba.

Laraba, ƙarfe takwas na safe

Sauran abu ɗaya a saƙon Gado, fatar da ake shimfiɗawa tsakanin inji da murfinsa. Aka nuna mini rumfar wani dattijo Bazabarme can ƙarshen layi, yana zaune a kan tsohuwar taya yana shan shayi. Don in nuna masa ba baƙo ba ne ni a harkar, na fito da sabon fiston guda. Ya juya shi, ya tambayi ina tsohon. Na fito da shi ina kawar da kai. Ya jera su biyun a kan benci, ya sa babban yatsa a kwarmin tsohon, ya shafa tudun sabon, sai ya tambaye ni ina muke shan esansi a garinmu. Na ce a kwalba, bakin hanya, kamar kowa.

Ya yi mini karatu a tsaye, ni da na saba yi wa mutane. Ya ce kwarmin nan ba tsufa ne ya ci shi ba, haka aka ƙera shi don ƙasashenmu, saboda ya rage matsi, injin ya iya haɗiye esansi mai rauni cikin zafi da lodi da yashi. Mai tudu kuwa esansi mai ƙarfi yake so. In aka ba shi na kwalba, wuta za ta riƙa tashi kafin lokacinta, injin ya yi ta ƙyas-ƙyas, ya yi zafi, har kan fiston ya huje, wataƙila ya tafi da injin gaba ɗaya. Na zaro takardata na ce ai lamba ɗaya ce. Ya ce lamba faɗin bututu take faɗa, ba ta san abin da motar ke sha ba.

Na tambaye shi, to in na sa su haka nan fa? Ya ce, "Sa su, Mushe. Za ta yi gudu har Bankuku. Daga can ka nemi amalanke."

Sai a lokacin tsoro ya kama ni sosai. Injin guda ne, babu wani, kuma Baba ba shi da wata shekara shida ta jira. Na koma shago mai fanka da sassarfa. Mai hankalin jiya ya manta ni Direkta ne. Ya nuna mini allo a saman kansa, an rubuta da manyan baƙaƙe cewa kayan da ya fita ba ya dawowa. Ni mai karatu, sai ranar na karanta shi. Na dawo wurin dattijo, ya shiga can ƙuryar rumfa ya fito da wani kwali da gara ta ci gefensa. Fiston huɗu masu kwarmi, dusu-dusu cikin daskararren gris, babu mai ƙyalli ko ɗaya. Ya aza kowanne kusa da tsohon, ya sa ni na taɓa da yatsana kafin ya naɗe.

Komawa gida

Mun tashi ƙarfe ɗaya da rabi, muka shiga Filinge biyar da kwata. Masu tudun na naɗe su tam cikin farar rigar da ta riga ta lalace, na tura su ƙasan jaka, da niyyar kada wani mahaluki ya san da su. Na ajiye jakar gaban Baba a zaure, na miƙa masa masu kwarmin. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa, ya ce a kai wa Gado. Na yi ajiyar zuciya, na ɗauka asirina ya rufu.

Kwana tara Gado ya yi yana haɗawa. Ranar Juma'a da hantsi muka riƙo Baba zuwa gindin dogon yaro, muka aza hannunsa a jikin motar. Gado ya murza makulli sau uku, a na huɗu ta yi tari, ta kama. Baba ya karkata kai yana saurare, ya ce wa Gado ya rage mata wuta kaɗan, ta cika haki. Da ta daidaita ya bar hannunsa a jikin ƙarfen. Na ga hawaye a idanun nan da ba sa gani, ni ma ban iya riƙe nawa ba.

Sannan ya juyo wajen da yake jin numfashina ya ce, "Idi, ran da kad dawo, jikkarka ta yi kukan fiston takwas, ban da tsohon da nis sa aka sa maka. Motata huɗu taka ci. Kawo sauran a danne min kwanon ɗaki, iska na ɗaga shi."

Suna can bisa rufin har yau, suna ƙyalli, duk mai wucewa yana ganinsu, kuma Gado bai taɓa wucewa ba tare da ya ɗaga kai ya gaishe su ba. Washegari na kai Baba Bankuku a kujerar gaba, ina tafiya arba'in a awa, yana ce mini in rage gudu.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Hadiza da ta ɓata mini riga, da jandarman da ya tona jakata, da dattijon da ban ko tambayi sunansa ba. Baba kuwa, ya ji muryar motarsa.