Jan Ƙwan Kawu

A layinmu na teloli a Rafin Guza akwai jan ƙwan lantarki a saman ƙofar shagona. Ba don haske aka sa shi ba. Idan ya kama, an kawo wuta ke nan. Idan ya mutu, an ɗauke. Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ne mai lura da shi. Direban babbar mota ne a da, ciwon baya ya sauke shi, ya taso daga Katsina ya zauna a wurina.

Kullum yana kan benci a ƙarƙashin ƙwan. Da ya kama sai ya ɗaga murya ya ce an kawo, ya miƙe yana dafa bango, ya ja ƙarfen da ke sauya layi, ya kashe janareta. Kekunan ɗinki su tsaya kaɗan, sannan su ci gaba. Teloli na yi masa sannu, mai shayi ya aiko masa da kofi. Suna tsokanarsa da manajan wuta, shi kuma yakan ce su bi shi a hankali kada ya bar su a duhu.

Daga baya ƙungiyarmu ta yi shawara, aka kafa mana faranten sola a kan rufi, aka haɗa su da wutar gari. Aka manna wani farin akwati a bango. Injiniyar da ta jagoranci aikin ta ce akwatin da kansa yake zaɓa: in akwai rana ya ja daga rana, in hadari ya rufe ya koma batir ko wutar gari, abin da ya yi saura ya tura wa gidajen bayanmu. Ba zan ɓoye ba, aiki ya gyaru. Hayaƙi ya kau, ɗinkin sallah ya fita a kan lokaci.

Za su cire jan ƙwan, na roƙa aka bar shi. Kawu ya ci gaba da kiran an kawo. Da farko ana amsa masa da dariya, daga baya ba mai ko ɗaga kai, don ba abin da ke tsayawa. Shayin ma ya daina zuwa. Ba da mugunta ba, lokacin aiko shi ne ya ɓace.

Tsorona kada ya ga ba shi da sauran amfani a nan. Sai na ɗauki wata dabara: duk sanda ya kira, na ɗage ƙafa daga keke, na jira kaɗan, sannan na ci gaba kamar da. Na roƙi maƙwabcina ya riƙa yin haka. Ya yi na ɗan lokaci, ya manta.

Wata rana bayan la'asar ƙwan ya kama, Kawu bai yi kiran ba. Ni kuwa na hango jan hasken a madubi, ƙafata ta ɗagu da kanta. Ya juyo ya dube ni.

"Ci gaba da ɗinkinka, ɗan nan," in ji shi. "Na daɗe da ganewa."

Ya tambaye ni ko akwatin yana gajiya, ko yana tafiya masallaci ya bar mutane. Na ce a'a. Ya gyaɗa kai, ya ce to Allah ya sa masa albarka.

A satin ya ce zai koma Katsina wurin 'yarsa. Na ce ya tsaya ya riƙa sa maɓalli ko guga. Ya nuna mini hannuwansa suna rawa, ya ce bai kai a ƙirƙiro masa aiki don a rarrashe shi ba. Na raka shi tasha, muka yi sallama ba dogon zance. Da damina aka kira ni aka ce ya rasu.

Ƙwan yana nan, yana kamawa yana mutuwa ba mai kallonsa. Ni dai har yau, in ya kama, ƙafata takan ɗagu daga keke.